Gani Ya Kori Ji: Fa'idar Tarurrukan Ɗaukar Malaman Makarantun Ƙasa da Ƙasa

A kowace shekara, daga wajejen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai wani irin taro da akan yi a manyan otal-otal na Landan da Bangkok da Dubai da wasu biranen Amurka, inda shugabannin makarantu daga kusurwa huɗu na duniya ke haɗuwa da malaman da ke neman aiki, a yi kwana biyu ko uku ana ganawa, a watse an ƙulla yarjejeniyar da za ta kai wani malami Tokyo, wani Nairobi, wani kuma Legas. Galibin mutanenmu ba su da labarin wannan al'amari, alhali kuwa a cikinsa akwai maslaha ga malamanmu masu himma, akwai kuma darasi ga duk mai neman aiki ko mai ɗaukar ma'aikaci.

Kafin mu shiga bayanin taron, wajibi ne mu san makarantun da ake yinsa dominsu. Makarantar ƙasa da ƙasa ita ce wadda ke koyarwa bisa manhajar da ba ta ƙasar da take zaune ba, kamar ta Ingila ko ta Amurka, galibi da harshen Ingilishi. Ɗaya daga cikin na farkonsu ita ce wadda aka buɗe a Jeniba ta ƙasar Suwizalan a shekarar 1924, domin 'ya'yan ma'aikatan ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada. A wannan birni ne kuma aka kafa tsarin jarrabawar nan ta IB a 1968, domin yaron da iyayensa ke yawo daga ƙasa zuwa ƙasa ya sami takardar shaidar da jami'o'i za su karɓa ko'ina. A yau adadin irin waɗannan makarantu ya haura 13,000, kuma mafi yawan ɗalibansu 'ya'yan masu hali ne na ƙasashen da makarantun suke. A yankinmu ma akwai su: makarantar Amurka ta Legas tun 1964, da makarantar Lincoln ta Ankara a Gana tun 1968, da ta Amurka a Abuja tun 1993, da wata irinta a Yamai.

To, makarantar da ke Bamako ko Jakarta, wadda ke bukatar malamin kimiyya kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu a watan Agusta, ina za ta same shi? Wannan mas'ala ce ta haifar da hukumomin da ke shiga tsakani. Hukumar ISS da ke Princeton a Amurka an kafa ta a 1955. Jami'ar Arewacin Iowa ta fara nata taron a 1976. Sannan John Magagna ya kafa Search Associates a 1990. Aikinsu shi ne su tantance malami, su tattara shaidar da shugabanninsa na baya suka bayar a kansa a asirce, sa'an nan su gayyace shi inda zai sadu da masu ɗaukar aiki ido da ido.

Ga yadda abin ke gudana. Da sassafe akan buɗe babban zaure, kowace makaranta da teburinta, a bayan teburin an liƙa babbar takarda mai ɗauke da guraben da ake nema, wani gurbin an riga an soke shi da alƙalami, wani kuma da hannu aka ƙara shi a daren jiya. Malamai su yi layi, kowa da kwafin takardar tarihin karatunsa da aikinsa a hannu, idan layi ya zo kan mutum ba shi da abin da ya wuce minti biyu ko uku da zai gabatar da kansa, shugaban makaranta ya dube shi, ya dubi takardar, in ya gamsu ya buɗe jadawalinsa ya rubuta masa lokacin ganawa. Daga nan sai a shiga intabiyu, ɗaya bayan ɗaya har dare, kuma ba abin mamaki ba ne malami ya kwana da tayin aiki biyu ko uku, an ba shi wa'adin yini guda ya yanke shawara.

Fa'ida ta farko a bayyane take. Takardar neman aikin da aka aika ta intanet tana iya nutsewa cikin ɗaruruwan 'yan'uwanta ba tare da wani ya buɗe ta ba, amma mutumin da ya tsaya a gabanka, ka ji fasahar harshensa, ka ga natsuwarsa da ladabinsa, ba a ture shi da sauƙi haka. Wannan kuwa ya fi muhimmanci ga malamin Afirka, domin haƙiƙa akwai makarantun da har yanzu suke fifita fasfo a kan cancanta, suna neman wanda aka haifa da Ingilishi a baki, kuma babu abin da ke rushe irin wannan mummunan zato kamar a ji mutum yana warware darasin lissafi dalla-dalla, da hujja da misali.

Fa'ida ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi, ita ce shi ma malamin yana samun damar auna wanda zai yi wa aiki. Kwantiragin farko galibi na shekara biyu ne, kuma wanda zai ɗauki iyalinsa zuwa ƙasar da bai san kowa ba, ya miƙa al'amarin masaukinsa da takardar izinin zamansa ga mutum guda, ya kamata ya ga idon mutumin nan tukuna. A nan ne zai tambaya ko albashin da wane kuɗi ake biya, ko akwai haraji a kansa, ko makaranta ce ke ba da gida da tikitin jirgi da inshorar lafiya, ko 'ya'yansa za su yi karatu kyauta, da kuma ko za a ɗauke shi bisa sharuɗɗan baƙo ne ko na ɗan gida, domin tazarar da ke tsakanin biyun tana da yawa ƙwarai. Musulmi kuma ya tambayi halin salla da azumi da abincin halal a wurin. Yadda shugaba ya karɓi waɗannan tambayoyi, ko da sakin fuska ko da kwana-kwana, ya isa ya nuna wa mai hankali irin zaman da za a yi.

Ta uku ita ce cuɗanya da abokan sana'a. A wurin shan shayi da bakin ƙofar ɗakin ganawa malami kan haɗu da wanda ya taɓa koyarwa a makarantar da yake hari, ya ji daga bakinsa abin da ba a rubutawa a takardar talla. Sau da yawa kuma mutum kan zo da niyyar Turai, ya ji bayanin wata makaranta a Oman ko Tanzaniya wadda bai taɓa kawowa a ransa ba, ya tarar can rabonsa yake.

Wasu na cewa zamanin irin wannan taro ya wuce, tun da annobar korona ta 2020 ta mayar da shi kan intanet, makarantu da yawa kuma suna cike gurabensu ta ganawar bidiyo tun kafin ranar taro. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma wanda ba shi da halin tafiya, taron intanet rahama ne gare shi. Sai dai guraben da kan ɓullo a tsakiyar taro, da shaidar da akan ji a gefe, da sanayyar da kan yi amfani bayan shekaru, na wanda ya halarta da jikinsa ne.

Amma fa a yi hattara. Kuɗin rajista da na jirgi da na otal suna da nauyi, bizar Ingila ko ta Amurka ba ta da tabbas, kuma ba kowa ke komowa da aiki ba. A wannan fage amincewar da aka yi da baki ana ɗaukarta alkawari ne mai ɗaurewa, wanda ya saɓa kuwa yana iya rasa rajistarsa, sunansa ya ɓaci a tsakanin shugabannin da suka san juna. Saboda haka kada gajeren wa'adi ya sa mutum ya amsa abin da bai yi shawara da istihara a kansa ba.

Malaminmu da ke da wannan buri ya fara da gyara takardunsa: shaidar koyarwa kamar ta hukumar TRCN a Najeriya, da gogewar aƙalla shekara biyu a aji, da takardar 'yan sanda mai nuna ba shi da laifi, da sanin manhajar Cambridge ko ta IB. A watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya da Gana masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna ƙofar neman shaidar koyarwa ta QTS, wadda makarantu da dama ke girmamawa. Duk wanda Allah ya hore wa hali, ya shirya ya je, ya tambaya ba tare da jin nauyi ba, ya riƙe amanar 'ya'yan mutane a duk inda aka kai shi, kuma idan ya ƙaru da ilimi ya tuna cewa azuzuwan garinsu sun fi ko'ina bukatarsa.