Daga Damuwa zuwa Hauka Tuburan: Kalmomin Hausa da Matsalar Gane Taɓin Hankali da Wuri a Ƙasar Ɗambatta

A ƙasar Kano, sunan Dawanau ya wuce sunan gari, domin idan aka ce wane ya kamata a kai shi Dawanau, kowa ya fahimci nufin mai magana. Abin lura shi ne irin mutumin da ake yi wa wannan furuci: wanda ya tuɓe tufafi, ko yake jifa, ko ya shiga duniya yana tsince-tsince a kan juji. Wannan maƙala tana ganin cewa jinkirin gane taɓin hankali a karkara irin ta Ɗambatta yana da nasaba da yadda harshe ya rarraba al'amarin. Kalmar "hauka" ta tsaya ne a kan matakin ƙarshe na ciwo, su kuwa matakan farko an ba su sunaye waɗanda ba a lissafa su cikin cututtuka.

Bincike mafi kusa da yankin shi ne wanda Kabir da Iliyasu da Abubakar da Aliyu suka gudanar a ƙauyen Karfi na jihar Kano, aka buga a 2004. Sun tambayi manya 250 yadda suke gane mai taɓin hankali, sai amsoshin suka taru a kan faɗa da ɓarna, yawan surutu, baƙuwar ɗabi'a, da yawo ba dalili. Duka waɗannan alamomi ne da ake gani daga nesa. Ta fuskar dalilai kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku sun ɗora alhakin a kan shaye-shaye, sannan ƙaddara, sannan sihiri da shafar iskoki. Karfi tana kudu da birni, Ɗambatta tana arewa a kan hanyar Daura, amma tsarin zama da noma da imani bai bambanta ba ta yadda zai hana a yi ƙiyasi.

Bahaushe yana da wadatar kalmomi a wannan fage: hauka tuburan, taɓuwa, zautuwa, bugun iska, kurciya, gigin tsufa, da sauransu. Sai dai mafi yawansu suna nuni ne ga abin da ake zaton ya jawo ciwon, ba ga kamanninsa ba. Wanda ya bar gida aka rasa inda ya nufa, kurciya aka yi masa. Wadda take jin muryoyi, iska ce ta taɓa ta. Likitancin zamani ya bi ta ɗaya hanyar, yana rarrabawa bisa alamomi da tsawon lokacinsu. A nan ne rabe-raben biyu suke saɓawa, kuma a nan ne marar lafiya yake faɗawa tsakani.

Misali mafi bayyana shi ne ciwon damuwa. A wurin likitoci, baƙin cikin da ya kai mako biyu bai yaye ba, tare da rashin barci, rashin son abinci, mutuwar jiki da ɗebe tsammani daga rayuwa, cuta ce mai magani. A gida kuwa sunansa ɓacin rai, ko tunani, ko zurfin ciki, maganinsa kuma "a yi haƙuri". Haƙuri da kawaici da kunya ɗabi'u ne da al'umma take yabo, don haka matar da ta daina magana a cikin gida tana iya samun yabo a daidai lokacin da ciwo yake cin ta. Idan ma ta isa asibiti, ba za ta ce ranta ya ɓaci ba. Za ta ce kanta yana zafi, gabanta yana faɗuwa, wani abu yana yawo a jikinta. Sau da yawa sai a rubuta mata maganin zazzaɓi ta koma gida.

Ciwon da ake kira sikizofireniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kama kimanin mutum 1 cikin 300, shi ne ya fi dacewa da abin da jama'a suke kira hauka. Amma ba rana ɗaya yake faɗowa ba. Yakan fara a ƙarshen samartaka: saurayi ya janye daga majalisa, ya daina zuwa gona ko makaranta, ya bar wanka, ya riƙa zargin ana yi da shi ko an sa masa wani abu a tuwo. Ana iya shafe watanni a haka, ana ce masa malalaci ko miskili. Akwai kuma ciwon da yake juyawa tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa, inda mutum zai kwana bai runtsa ba, ya yi ta surutu da kyauta da cika baki, har ya karyar da hatsin shekara a kasuwa. Ita kuwa farfaɗiya, duk da ana cuɗa ta da hauka, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce dabam.

Dalilan ba ɗaya ba ne. Akwai gado, wanda Bahaushe ya daɗe da sani, shi ya sa ake binciken asali kafin aure. Akwai cututtukan jiki kamar sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da buguwar kai a haɗarin babur. Akwai matsin rayuwa: mutuwar aure, rashi, bashi, da ƙanƙancewar gonakin gado a yankin da jama'a suka yi yawa. Sai shaye-shaye. Bayan fim ɗin BBC na 2018 a kan kodin, wanda ya nuna Kano, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi, amma wiwi da sholisho da taramol ba su gushe ba, musamman ga masu aikin ƙarfi da suke sha don gajiya. Sai dai akwai haɗari cikin jingina komai ga ƙwaya, domin wani lokaci ciwon ne ya riga zuwa, shan kuma ya biyo baya a matsayin neman sauƙi.

Al'ada tana da wata kafa da ba a ci moriyarta ba, wato zaman jego. Ruɗewar bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, kuma galibi tana bayyana cikin makonni biyu na farko, lokacin da mai jego take ƙarƙashin idon uwa ko gwaggo dare da rana. Mai jegon da ta kasa barci ko da jariri yana barci, ko ta ƙi shayar da shi, ko take faɗin abin da babu shi, tana bukatar likita a ranar, ba bayan arba'in ba. Ɗambatta tana da babban asibiti da makarantar koyon aikin ungozoma, saboda haka koyar da ungozomomi da tsofaffin mata waɗannan alamomi uku ba abu ne mai wuya ba.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya. Amma iyalin da suke ƙauye, malami ko mai magani suke fara nema, kuma samamen da aka kai gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019 ya nuna inda wasu suke ƙarewa. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gwada a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar marasa lafiya a cikin ƙauye, tare da danginsu da masu maganin gargajiya. Aikin da ya rage ga masana Hausa shi ne tattara kalmomin da mutanen karkara suke bayyana matakan farko da su, daga bakin mata da malamai da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a daidaita su da alamomin da likita yake nema, ta yadda tambayar da za a yi wa marar lafiya a Ɗambatta za ta zo cikin Hausar da yake amsawa da ita.