Ɗalibin Koyarwa a Makarantun Holan: Abin da Zai Tarar, da Abin da Zai Iya Kawowa Danja

A shekarar 1945 ne aka fara tura malaman makaranta na Arewa zuwa sashen horad da malamai na Jami'ar London. A cikin waɗanda suka tafi har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Yahaya Gusau, shekara na kewayowa kuma Malam Aminu Kano ya bi sawunsu. Kowa ya san abin da tafiyar nan ta haifar, gama bayan komowarsu ne aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa cikin 1948. Tun daga sa'an nan, in an ce malami zai fita ƙaro sani, Ingila a ke fara dubawa. Amma akwai wata ƙaramar ƙasa a tsallaken tekun Ingila, watau Holan, wadda tarihin makarantunta ya fi kama da namu ta fuska biyu, noma da addini.

Bari mu ɗauki Danja misali, a kudancin Jihar Katsina, gabas da Funtuwa. Ƙasa ce ta fadama, ta tumatir da rake da masara. Malamin firamare a nan ya san cewa da zarar an shiga ɗiban tumatir, ko aka kafa injin mazarƙwaila, sai aji ya rage. Ya kuma san akwai magidantan da har yanzu hankalinsu bai kwanta da makarantar boko ba. To, ɗalibin da ya fito daga irin wannan wuri, aka kai shi gwajin koyarwa a Holan, me zai gani?

Tsarin ba shi da wuyar faɗi. Yaro ya kan shiga yana ɗan shekara 4, ko da ya ke doka ba ta tilasta shi sai ya cika 5. Aji takwas ne, ya gama yana da kamar shekara 12. Daga nan a ba shi shawarar irin sakandaren da ta dace da shi: ta shekara huɗu mai kai wa ga sana'a, ko ta biyar, ko ta shida mai kai wa jami'a.

Sai dai ba haka aka wayi gari aka same su ba. Dokarsu ta farko ta tilasta karatu an zartad da ita cikin 1900, ta soma aiki 1901, kuma da ƙyar ta tsallake majalisa, ƙuri'a 50 da 49, don wani wakili da ke adawa da ita ya faɗo daga kan doki bai sami halarta ba. Abin da ya fi shafarmu shi ne, dokar nan ta yarda a ba yaran da suka ɗan tasa izinin makonni su taya iyayensu aikin gona. Masu dokar sun gane in suka ja da manomi a kan lokacin girbi, manomi ne zai rinjaya. Sai suka ƙayyade fashin, suka sa shi a rubuce, daga baya da hali ya sake aka kau da shi. Mu kuwa jadawalinmu ɗaya ne daga birni har ƙauye, yaro ya yi fashin da ba wanda ya ƙidaya.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Mutanen Holan sun shafe shekaru masu yawa suna jayayya a kan makaranta. Katolika da Furotestan sun ce ba za su biya haraji a gina makarantar gwamnati, sa'an nan su sake biyan kuɗi su gina ta addininsu ba. Cikin 1917 aka yi sulhu, aka sa a tsarin mulki, a sashen da yau ya ke na 23, cewa makarantar da jama'a suka kafa bisa addininsu ko aƙidarsu za ta sami kuɗin gwamnati daidai da ta hukuma. Sharaɗin shi ne ta ɗauki malamai masu takardar shaida, ta kai yara matsayin da aka ƙayyade a karatu da lissafi, ta kuma buɗe ƙofa ga sufeto. Yau kusan kashi biyu cikin uku na firamarensu irin waɗannan ne. A kan wannan sashe ne Musulmin ƙasar suka tsaya suka buɗe firamaren Islamiyya na farko cikin 1988, a Rotterdam da Eindhoven.

Lalle mai karatu zai tuna da Islamiyyunmu. Ba ƙauyen kirki a ƙasar Funtuwa da Malumfashi da ba shi da ita, jama'a ke gina ta, su ke biyan malaminta da ɗan abin da ya samu. Yardar iyaye tana can, kuɗin hukuma yana nan. Ba na cewa a kwafo sashe na 23 yadda ya ke, don su ma kansu suna gardama a kansa, wasu na cewa yana raba yara gida gida tun suna ƙanana. Amma ɗalibin da ya zauna wata uku a irin wannan makaranta, ya ga sufeton gwamnati ya shigo ya duba lissafi bai taɓa darasin addini ba, zai komo da tambayar da ta cancanci a yi ta a kwalejojinmu.

Game da horon malamai, kwalejinsu ta malaman firamare, wadda su ke kira Pabo, shekara huɗu ce, kuma tun shekarar fari ɗalibi ya ke zuwa makaranta kowane mako, a ƙarƙashin malamin aji ɗaya. A shekarar ƙarshe a sakar masa aji ya riƙe. A wurinmu an saba tara gwajin koyarwa a lokaci guda, mai duba ɗalibi ya zo ya zauna a bayan aji, ya ba da maki ya tafi. Nasu ya fi kama da yadda maƙeri ke koyad da yaronsa. Wannan kuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai dai kwaleji ta kasance kusa da makarantun da ta ke hulɗa da su, abin da zai yi wuya ga ƙauyukan Danja in ɗalibi yana Katsina ko Dutsin-Ma.

Zaman yau da kullum kuwa, shi ne zai fi ba baƙo mamaki da fari. Yara da malamai bisa keke su ke zuwa, ko ana ruwa. Abincin rana burodi ne da cuku. Makarantu da yawa su kan tashi da rana ran Laraba. Ba a zuwa gidan mutum sai da alkawari. A aji, yaro zai kira malami da sunansa na yanka bayan ya sa kalmar "malam" ta harshensu, ya dube shi ido cikin ido ya ce bai yarda da amsarsa ba. Wanda ya tashi inda yaro ke durƙusawa ya gai da malami zai ɗauka rashin kunya ne, alhali su a wurinsu alama ce yaron yana bin darasi. Duka kuwa haramun ne. Sa'an nan ga harshe: manya suna jin Ingilishi ƙwarai, amma ɗan aji uku Holanci kaɗai ya sani, saboda haka baƙo ya kan ƙare a makarantar da ke koyarwa da Ingilishi, wadda ba ita ce ainihin makarantar ƙasar ba.

Abu ɗaya ne ba na so ya kawo mana, shi ne raba yara tun suna shekara 12. Su kansu sun lura ɗan marasa ilmi ya kan sami shawarar da ta gaza ƙoƙarinsa, har suka sake fasalin jarrabawar ƙarshen firamare cikin 2024. In haka ta faru inda kowane yaro ya yi shekara takwas cur a aji, ina ga yaron Danja wanda kakar tumatir ta cinye masa wata biyu kowace shekara?