Kabad a Kwali, Mutum Biyu a Ƙasa

A shekarar 1956 wani ma'aikacin kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, Gillis Lundgren, ya yi ta fama ya sa teburi a mota, teburin ya ƙi shiga. Sai ya kwance masa ƙafafu. Daga nan kamfanin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, ya rungumi sayar da kayan ɗaki a kwance cikin kwali, mai saye ya je gida ya haɗa abinsa. Dabarar ta girmi IKEA. Tun 1859 Michael Thonet ya fito da kujerarsa mai lamba 14, wadda ake cusa guda 36 a warwatse cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Abin da IKEA ta yaɗa shi ne ɗora aikin haɗawar a wuyan mai saye.

Dalilin farko lissafi ne. Haɗaɗɗen kabad kusan duk cikinsa iska ce, wanda ya loda shi a babbar mota ya biya wa iska kuɗin mota. In aka shimfiɗa allunan a kwali, wurin kabad ɗaya sai ya ɗauki da yawa, karyewa a hanya ta ragu, sito ya wadata. Ga tsadar leburanci a Turai. Ga masu haya a manyan birane da ke yawan tashi, su hau bene mai ƙunƙuntar matattakala da kaya a kafaɗa. Farashi ya sauka, ɗalibi da sababbin ma'aurata suka iya sayen gado.

Sai dai aikin da aka cire daga masana'anta bai ɓace ba, tsakar ɗaki ya koma. Takardar bayanin IKEA zane ce kusan zalla, don a karanta ta a kowace ƙasa ba tare da fassara ba, kuma a manyan kaya shafukan farko sukan nuna mutum biyu, alamar kada ka yi kai kaɗai. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne wane ne oga. Takarda ɗaya ce, ɗan lanƙwasasshen makullin ɗaure noti ɗaya ne, masu ra'ayi biyu. Mai karantawa yana ganin hoto, mai riƙe allo yana ganin allo, kuma hagun wannan damar wancan ce. Kuskure ba ya bayyana nan take. A mataki na huɗu aka juya allo, sai a na ashirin durowa ta ƙi rufuwa, lokacin gwiwa ta yi tsami. "Ai na ce maka a juye yake." "To ke da ke riƙe da takardar fa?" A ganina rigimar ba ta rashin iya aiki ba ce. Mutum biyu ne da suka saba zama daidai wa daida, aka ba su aikin da sai ɗaya ya zama yaron ɗaya.

Akwai ribar da ba a musu. Binciken da Michael Norton, Daniel Mochon da Dan Ariely suka wallafa a 2012 ya nuna mutane na daraja abin da suka haɗa da hannunsu fiye da irinsa da wani ya haɗa, har suna shirye su biya ƙari. Amma fa sai aikin ya kammala. Wanda ya tsaya a rabi ba ya jin wannan ƙauna.

Inda abin ya daina ba da dariya shi ne mataki na ƙarshe, ɗaure kabad a bango, wanda ya fi sauƙin tsallakewa ga gajiyayye. A 2016 IKEA ta janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka, ciki har da samfurin Malm, bayan wasu sun rikito kan ƙananan yara sun kashe su. Shekara guda bayan haka ta sayi TaskRabbit, manhajar da ake ɗaukar ɗan ƙwadago ta ciki ya zo ya haɗa maka. Wato kafintan da aka sallama ta ƙofa ya dawo ta taga, wannan karon da kuɗin mai saye.

A Kano ko Maraɗi ma gadon amarya da kabad ɗinta na allon garin katako a kwance suke zuwa, don babu ƙofar da za su shiga a tsaye. Amma ranar jere ba wanda ke miƙa wa ango sukundireba. Kafinta ne ke zuwa da yaronsa, tun da kuɗin hannunsa bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin kayan. Oga ya ce "riƙe nan", yaro ya riƙe. Gwaggonnin amarya na gefe, nasu musun a kan bangon da madubi zai kalla ne.