Kasuwar Sallah ta shiga waya a Matameye

Tun azumi bai kai goma ba wayoyin mutanen Matameye kan cika da hotunan shadda, atamfa, leshi, takalman yara da turaren wuta. Mai kaya ta ɗora su a status na WhatsApp, ta biyo da murya: ga sabon kaya ya sauka daga Kano, mai so ta yi magana tun bai ƙare ba. Awa 24 hoton yake yi ya ɓace, gobe kuma ta sake ɗorawa.

Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, yana kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka zuwa Kwangwalam da Daura har Kano. Yawancin yadin Sallah ta nan yake shigowa, daga Kantin Kwari. Da naira ake saro shi, da sefa ake sayarwa. Tun da naira ta faɗi a 2023, mai hankali ba ya rubuta kuɗi a jikin hoto, domin canjin safe ba lalle ne ya kai yamma ba. Sai ya ce a biyo shi ta gefe. Masu saye na jin haushin wannan, kuma suna da gaskiya, amma shi ma ba mugunta ce ta sa shi ba.

Masu koyar da talla a intanet kan ce a buɗe shafi a Facebook, a biya kamfanin ya kai tallar ga dubban mutane. A nan shawarar ba ta cika aiki ba. Biyan yana son katin banki, abin da 'yan kasuwa kaɗan ne suke da shi. Masu shiga intanet a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, manyan da suka iya karatun boko kuma ba su kai rabi ba. Doguwar talla da Faransanci ɓata data ce. Saƙon murya da Hausa, da hoto ɗaya da aka ɗauka a hasken rana don launin yadi ya fito yadda yake, su ne ke kawo ciniki.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta status da ke bayyana sirrin abin: ba ya buɗewa sai tsakanin mutum biyu da kowannensu ya adana lambar ɗan'uwansa. Wato tallar ba ta zuwa ga baƙo. Ƙawaye ne ke gani, da dangin miji, da 'yan adashi, da wadda aka haɗu da ita wajen suna aka yi musayar lamba. Jarin mai sayarwa, bayan kuɗi, shi ne yawan mutanen da suka yarda su ajiye lambarta.

Wannan ba sabon ciniki ba ne. A 1969 Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta yadda matan aure ke juya dukiya mai yawa daga cikin gida, yara na kai kaya suna dawo da kuɗi. Dillaliya mai yawo da ƙullin zannuwa gida gida ita ce ta riga waya. Abin da ya sauya shi ne nisa: matar da ba ta taka kasuwa ba yanzu tana iya sayar wa 'yar'uwarta da ke aure a Agadas ko Yamai. A tura kuɗi ta Nita ko Amana, a ɗora ƙunshi a mota daga tasha, in cikin gari ne ɗan kabu-kabu ya kai.

Babbar Sallah kasuwar maza ce, duk da cewa mata da yawa ne ke kiwon ragunan a bayan ɗaki. Rago ba ya sayuwa da hoto. Bidiyo ake so, a zagaya shi, a buɗe bakinsa a ga haƙora, a sa shi ya taka don a tabbata ba gurgu ba ne, tunda layya ba ta yiwuwa da dabba mai bayyanannen aibi. Da yawa daga masu sayen 'yan ci-rani ne da ke Aljeriya ko Libiya, waɗanda yankin Kance ya yi suna da su, suna son a kai wa tsoho rago gida. A watan Mayun 2025, gab da layya, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje, masu jiran dillalan Najeriya suka koma neman mai saye a cikin ƙasa, kuma waya ce ta fi kusa.

Ɓarnar ma tana nan. Akwai mai kwaso hoton ɗinkin wani daga TikTok ya ce nasa ne, akwai mai karɓar kafin alƙalami ya kashe waya. Shi ya sa mutane suka fi yarda da wanda suka san ƙofar gidansu. Tela kuwa talla kan zame masa wahala: ya baje kayansa a status, aiki ya taru fiye da abin da kekensa zai ɗauka, wuta ta ɗauke, daren Sallah ya same shi da tulin yadin mutane ba a yanka ba. Waɗanda suka ƙware tun tsakiyar azumi suke ɗora sanarwa ɗaya, cewa sun rufe karɓar ɗinki sai bayan Sallah.