Famfon Sitiyarin Babbar Mota Na Yoyo: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Canza Shi

In ka ga direban tifa maƙare da yashi yana murɗa sitiyari da hannu ɗaya, ba ƙarfin damtsensa ba ne, mai ne ke yi masa aikin. Injin yana juya wani ɗan famfo, famfon ya tura mai ta tiyo zuwa akwatin sitiyari, can kuma wani bawul ya karkata man gefen fistin da ya dace da inda direba ya murɗa. Ƙa'idar da Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17, ya bayyana ke nan: ruwan da ke kulle, in ka matsa shi a wuri guda, matsin yakan kai ko'ina a cikinsa.

Matsin kuwa ba na wasa ba ne. A ma'aunin bar, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce 2 zuwa 3 ba, amma man sitiyarin babbar mota yakan haura 100. Abin da ke tsare duk wannan kuma ƴan zoben roba ne da makanikai ke kira sil. Zafi da shekaru su busar da robar, ta yi tauri, ta tsage, sai ɗiga ta fara. Ranar da man ya ƙare sitiyari ba ya tsinkewa, amma zai yi nauyi farat ɗaya. Ka ƙaddara hakan ya same ka a kwana, ga lodi a baya.

To amma kada ka yi saurin ɗora wa famfo laifi. Mai yana gangarowa ƙasa, fankar injin kuma tana watsa shi, don haka inda ka ga jiƙa ba lallai nan ne ɓular take ba. Sau da yawa tiyo ne ya gaji a bakin ƙarfensa, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na famfo ba. Wanke wurin tas, bar shi ya bushe, ta da injin, wani ya riƙa juya sitiyari kana kallo. Kada ka laluba da yatsa. Man da ke tsartuwa ta ƙaramar ɓula da irin wannan matsi yana iya huda fata ya shige nama. Kara kwali a wurin, shi zai nuna maka.

Akwai kuma yoyon da ba a gani. A manyan motocin dizal da yawa ba bel ke juya famfon ba, haƙoran giyar injin ne. In sil ɗin sandarsa ya mutu, man sai ya zurare cikin injin. Ƙasa a bushe, man sitiyari na raguwa, baƙin mai na ƙaruwa. Ka ga haka, famfon ne.

Cire tsohon da ɗaura sabo aikin sufana ne, ba shi da wani sirri. Inda ake yin asara shi ne abubuwa biyu da ake tsallakewa don gaggawa. Famfon da ya cinye kansa ya riga ya zuba garin ƙarfe cikin mai, in ba a zubar da tsohon man an wanke layin an canza matatar ɗan tankin ba, garin nan zai ci sabon famfon ma. Sai iska. Ita tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa in ta shiga layi za ka ga kumfa a tanki, ka ji famfo na kuka. Ɗaga gaban motar da jak, sa mata matokari, injin a kashe ka juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, sau da dama, kana ƙara mai har kumfa ta daina tasowa. Sannan ka ta da injin ka maimaita.

Man da aka rubuta a murfin tanki ko littafin motar shi za ka zuba. Man birki dai kul, ko da a kan hanya ka maƙale: sinadarinsa daban ne, zai lalata robobin layin gaba ɗaya. Kuma ka gaya wa direba ya daina danne sitiyari a ƙuryarsa in yana kwana a matsatsin wuri. A nan matsi ke kaiwa ƙololuwa, mai ya yi zafi nan da nan, zafin nan kuwa shi ke busar da sil.