Shugabannin Nijar tun 1993 da abin da faɗuwarsu ke jawo wa ƙasar Tasawa

Tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, mutum huɗu ne 'yan Nijar suka ɗora kan mulki ta zaɓen da aka yarda da shi, kuma soja ne suka sauke uku daga cikinsu.

Mahamane Ousmane na CDS-Rahama ya hau a 1993. Tsarin mulkin lokacin ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, sai ga shi a 1995 an haɗa shi aiki da ɗan adawa, Hama Amadou. Zaman doya da manja suka yi, gwamnati ta tsaya cik, Ibrahim Baré Maïnassara ya ƙwace mulki ranar 27 ga Janairu 1996. Shi kuma Baré an harbe shi a filin jirgin saman Yamai a Afrilun 1999.

Mamadou Tandja, wanda aka zaɓa bayan haka, shi ne talakan karkara ya fi jin ɗuminsa. Shirinsa na musamman ya kai azuzuwan makaranta da ƙananan ɗakunan shan magani ƙauyuka, kuma zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba garuruwan Tasawa da Mayahi kansiloli da magadan gari nasu. Sai dai a 2005, lokacin da fari da fara suka bar rumbuna wayam a jihar Maradi, uwaye na jerin gwano da yara ramammu a cibiyoyin ba da abinci, gwamnatinsa ta ƙi kiran abin yunwa. Wannan tabo bai goge ba. Tazarcen 2009 ya kai shi ga faɗuwa a hannun Salou Djibo cikin Fabrairun 2010.

Mahamadou Issoufou kaɗai ya cika wa'adi biyu ya miƙa mulki, ga Mohamed Bazoum a 2021, wanda Janar Tiani ya hamɓarar ranar 26 ga Yulin 2023.

Tushen wannan hawa da sauka bai wuce rigimar 'yan siyasa da tsohon sabon soja da kujera ba, tun juyin mulkin Seyni Kountché na 1974. Ana juyin a Yamai, amma manomi ke biyan kuɗinsa. Masu ba da tallafi kan janye hannu, ayyuka su tsaya. A 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, kuma ƙasar Tasawa, wadda wakenta da dabbobinta ke bin hanyar Katsina da Kano, ta ga ciniki ya ja baya yayin da shinkafa da magani suka yi tsada.