Tsangayar Shari'a ta Kongo da Asalin Kundin Final Kot

A Kongo, Zariya, Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take. Sai dai kafin a fahimci aikin wannan tsangaya, wajibi ne a san matsalar da ta haife ta.

A zamanin Turawa shari'u biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a Jihar Arewa. Alƙalai da sarakuna suna hukunci bisa mazhabar Malikiyya, kotunan Turawa kuwa suna bin kundin laifuffuka mai asali daga Ingila. Saɓanin ya fito fili a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun Sarki ta yanke masa hukuncin kisa, domin a fiƙihun Malikiyya tunzurawa ba ta ɗauke ƙisasi daga wanda ya yi kisa da gangan. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma kuwa ta soke hukuncin, saboda a dokar Turawa tunzurawa tana sassauta laifi. Ke nan ran mutum ya rataya a kan kotun da aka fara kai shi.

Da mulkin kai ya gabato, Gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan, da Shettima Kashim, Wazirin Borno. Shawararsu ce ta haifi kundin da Hausawa ke kira Final Kot, wanda aka zartar a 1959, ya fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinsa daga kundin Sudan, shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Sha'anin aure da gado da waƙafi aka bar su ga shari'ar Musulunci, aka kuma kafa mata Kotun Ɗaukaka Ƙara.

To, amma rubuta doka daban, aiki da ita daban. Alƙalin da ya tashi kan Risala da Muhtasar ba zai waye gari yana hukunci da sashe-sashe na sabon kundi ba sai an horar da shi. Wannan nauyi ya faɗa kan Makarantar Koyon Mulki ta Kongo, inda aka riƙa shirya wa alƙalai kwas. Da aka kafa jami'a a 1962, a nan tsangayar ta zauna.

Bayan shekara arba'in sai tarihi ya sake juyowa. Daga 1999, Jihar Zamfara da wasu jihohi goma sha ɗaya suka maido da hukuncin laifuffuka na Musulunci, galibinsu kowace da irin nata kundi. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta wannan jami'a ce ta tsara kundi guda a 2002 domin daidaita su.

Abin lura ga ɗalibi da ma'aikaci shi ne, matsalar 1947 ba ta tsufa ba. Muddin laifi ɗaya yana iya samun hukunci biyu, ƙasa tana bukatar masana da suka ƙware a fiƙihu da dokar zamani gaba ɗaya. Samar da irinsu shi ne ma'aunin da ya kamata a auna tsangayar da shi.